CIWON IDO SAI HAƘURI? HAKKIN MAKAHO A KAN MASU IDO

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu ji da gani ba tare da mun biya ko kwabo ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samarin Musulmi, wannan 'yar nasiha ce a kan wani al'amari da muke gani kullum har idonmu ya saba da shi. Ina roƙon ku karanta da natsuwa, domin ni ne farkon wanda maganar ta kama kafin ta kama wani.

GABATARWA

Duk wanda ya saba shiga mota daga Samaru zuwa Sabon Gari ya san abin da zai tarar a Kwangila, da PZ, da bakin kasuwa. Ranar Juma'a kuwa ba sai an faɗa ba, a ƙofar kowane masallaci akwai jeri. Ga tsoho da sanda, ga yaro riƙe da bakin sandar, ga ɗan kwano. Mu kuma sai mu laluba aljihu mu jefa naira hamsin ko ɗari, ya yi mana addu'a, mu ce amin, mu wuce zuciyarmu wasai, mun yi sadaka.

To, tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: idan makantar wannan bawan Allah tana da magani, kuma maganin yana nan kusa, shin wannan naira ɗari ta sauke mana nauyinsa a gaban Allah? Ko kuwa mun sayi kwanciyar hankali ne da araha, muka bar shi inda muka same shi?

ABIN DA YA JAWO WANNAN MAGANA

Akwai wani dattijo a wata unguwa bayan kasuwar Samaru. Da can tela ne. Idonsa ya fara hazo, allura ta gagare shi, ya sayar da keken ɗinkin, daga ƙarshe sai bara. Aka cire jikansa ɗan shekara tara daga makaranta ya zama ɗan jagora. Ni da kaina na yi wajen shekara biyu ina ba shi sadaka duk Juma'a, ina jin cewa na kyauta.

Ran nan muna fitowa daga masallaci tare da wani ɗan'uwa mai karatun likita, sai ya tsaya ya gaishe shi, ya nemi izini ya haska masa fitilar waya a ido. Ya ce, "Baba, kana ganin hasken nan?" Tsoho ya ce, "Ina gani ɗana, kamar farin wata a cikin hazo." Ɗan'uwan nan ya juyo ya ce mini, "Malam, wannan fa alama ce ta yana. In Allah Ya yarda aikin rabin awa ne."

Muka yi karo-karo mu bakwai, aka kai shi asibiti, aka yi wa ido ɗaya aiki. Washegari da aka cire bandeji, sai ya dubi hannun rigarsa ya ce, "Wane ne ya yi mini wannan ɗinki? Ai wannan ba tela ba ne!" Kowa ya yi dariya. Ni kam da na koma gida na kasa dariya, domin na zauna na yi lissafi. Abin da mutanen masallacinmu suka zuba a kwanonsa cikin shekarun nan ya ninka kuɗin aikin. Watau kuɗin buɗe idonsa ya daɗe da fita daga aljihunmu, amma mun fitar da shi ta hanyar da za ta bar shi makaho, ta bar jikansa jahili.

ABIN DA KE MAKANTAR DA MUTANENMU

Kada mu yi magana da ka. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban bincike a duk faɗin Nijeriya, inda likitoci suka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Sun tarar cewa a cikin kowane mutum ɗari masu waɗannan shekaru, fiye da huɗu makafi ne, watau sama da mutum miliyan ɗaya a lissafin wancan lokaci. Abin ya fi tsanani a Arewa: a Arewa maso Gabas kashi 6.1 cikin ɗari, a Kudu maso Yamma kashi 2.8. Babban abin da ya kamata ya tsaya mana a rai shi ne, kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta irin wadda ake iya karewa ce ko a warkar. Ka ji fa. A cikin makafi goma, takwas ba dole ne su kasance makafi ba.

Yana ita ce kan gaba, ita ke da kashi 43 cikin ɗari. Allah Ya halitta wata 'yar ƙwaya garau kamar gilashi a cikin ido, wadda haske ke ratsawa. In shekaru suka ja sai ta yi fari kamar ƙanƙara. Likita yana cire ta ya sa wata ta roba mai haske a madadinta, gani ya dawo da izinin Allah.

Na biyu shi ne wanda ake kira hawan jinin ido, ko gilakoma. Wannan ɓarawo ne, ba ya sallama. Yana cinye gani daga gefe-gefe, sau da yawa ba zafi ba ja, kuma abin da ya ci ya ciwu, ba ya dawowa. Dabararsa ɗaya ce, a gano shi da wuri a tsayar da shi. Yana bin jini, saboda haka wanda yake da shi a danginsa ya je a auna shi ko da yana jin lafiyarsa ƙalau.

Sai amosanin ido, wanda ƙuda da hannu da tsumma mai dauɗa ke yaɗawa tsakanin yara. In ya yi ta maimaituwa, fatar ido takan tattare, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido har ta mutu. Sai ƙyanda idan ta haɗu da ƙarancin bitamin A a jikin yaro, wadda ta bar hakiya a idon 'ya'yanmu da yawa. Sai ciwon sukari. Sai kuma makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake kawowa.

Akwai kuma wadda muke jawo wa kanmu da hannunmu. Ido ya yi ja, sai a ɗiga masa ruwan batir, ko fitsari, ko ruwan wani ganye. Ko a kira masu yawo gari-gari da tsinke, su soka ido su tura yanar ciki, su karɓi kuɗi da akuya su yi gaba. Wancan bincike ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana, irin wannan suka aka yi musu, kuma mafi yawansu an tarar ba sa gani.

SHUBUHA TA FARKO: "AI ƘADDARA CE"

Da zarar ka ɗauko wannan magana sai wani ya ce, "Malam, makanta daga Allah take, wa ya isa ya kankare abin da aka rubuta?" Amsa ita ce, lalle daga Allah take, kuma wanda bai yi imani da ƙaddara ba, mai daɗi da marar daɗi, imaninsa bai cika ba. Amma mu tambayi mai wannan magana: yunwa ba daga Allah take ba? Me ya sa in ta kama ka kake neman tuwo? Talauci ba ƙaddara ba ne? Me ya kai ka kasuwar Sabon Gari tun da sassafe? Ashe ƙaddara ba ta hana ka neman naka ba, sai a kan idon wani ne take ɗaure maka hannu?

Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Kuma da ƙauyawan Larabawa suka tambaye shi ko su yi magani, ya umurce su da su yi. Sayyidina Umar (R.A.) kuwa, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai sa'an nan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna masa cewa wurin da suka baro da wurin da suka nufa duk a cikin ƙaddarar Allah suke. Wannan ita ce fahimtar magabata. Yanar ƙaddara ce, hannun likitan da zai cire ta shi ma ƙaddara ne. Tawakkali shi ne ka riƙi sababi, zuciyarka kuma ta dogara ga Mai sababin. Barin sababi da sunan tawakkali kasala ce aka naɗa mata rawani.

Wani zai ce, "To ina hadisin da ya yi wa makaho albishir da Aljanna?" Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari: wanda Allah Ya jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, sakamakonsa Aljanna. Amma ka lura da wanda ake yi wa albishir. Wanda aka jarraba ake yi wa, ba maƙwabcinsa mai ido biyu da kuɗi a aljihu ba. Jarrabawa biyu ce a wuri ɗaya. Shi an jarrabe shi da rashi, ana duban haƙurinsa. Kai an jarrabe ka da shi, ana duban abin da za ka yi. Hausawa suna cewa ciwon ido sai haƙuri. In mai ciwon ne ya faɗa, madalla, ya sami lada. In mai lafiya ne ya faɗa don ya kauce wa taimako, to ya ari haƙurin wani ya lulluɓe rowarsa da shi.

SU WA SUKA YI AIKIN?

Yanzu bari mu faɗi wata gaskiya mai ɗaci. A 1943 'yan mishan suka buɗe asibitin ido a Sabon Garin Kano, wanda yau ake kira asibitin ido na ECWA, kuma tun daga lokacin Musulmi ke cika layinsa. A Kaduna, tun wajen lokacin samun 'yancin kai, asibitin ido da ya yi suna kamfanin giya na Guinness ne ya gina shi, daga baya ya zama sashe na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Ku dubi wannan da kyau, 'yan'uwa. Masu sayar da giya sun tuna da idon kakanninmu.

Akwai wani Bature ɗan Ingila, John Wilson, wanda wani abu ya fashe masa a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta ya makance yana ɗan shekara 12. Bai zauna bara ba. Ya zagaya ƙasashen Afirka, ya ga ƙauyukan da makanta ta cinye, a 1950 ya kafa ƙungiyar da yau ake kira Sightsavers, wadda ta daɗe tana aiki daga Kaduna. A 1987 kamfanin Merck na Amurka ya yi alkawarin ba da maganin makantar kogi, Mectizan, kyauta, har sai an ga bayan cutar. A nan Jihar Kaduna aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen wannan magani, ƙarƙashin Farfesa Adenike Abiose. Daga farkon shekarun 1990 aka riƙa raba shi shekara-shekara, mutanen ƙauye da kansu suke rabawa, suna auna tsawon mutum da sanda su ba shi adadin ƙwayar da ta dace da shi. A 2012 aka buga sakamakon binciken da aka yi a yankunan Birnin Gwari da Kauru da Lere bayan fiye da shekara goma sha biyar ana rabon: an gwada dubban mutane, ba a sami tsutsar a jikin ko mutum ɗaya ba. Ƙauyukan da a da yaro ke jan babba da sanda, yau jikokinsu suna noma da idonsu.

Gwamnati ma ta yi nata. A 1979 aka yi dokar kafa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ga kuma sashen ido a asibitin koyarwa na Shika, nan bayan Samaru. Daga ɓangaren Musulmi, gidauniyar Al-Basar ta ƙasar Saudiyya ta buɗe asibitin ido na Makka a Kano, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ka duba jerin nan tun daga sama har ƙasa, ka nemi abin da mu, Musulmin Zariya, muka kafa da kuɗinmu saboda idon talakanmu. Garin da ake kira garin ilmi, garin jami'a da malamai da attajirai.

SHUBUHA TA BIYU: "MAGANIN WAƊANDA BA MUSULMI BA"

Wani ɗan'uwa zai ce shi bai yarda da kyautar Turawa ba, ruwa ba ya tsami banza. Ba za mu ce tsoronsa ba shi da tushe ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin magani da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa asibitin mishan yana da manufar yaɗa addininsa. Hattara wajibi ce.

Amma hattara daban, ƙin magani daban. Ranar Hijira, a tafiya mafi hatsari a tarihin Musulunci, Annabi (S.A.W.) da Abubakar (R.A.) sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Daga nan malamai suka fahimci halaccin amfana da gwanintar wanda ba Musulmi ba idan an amince da shi. Sa'an nan yawancin likitoci da ma'aikatan jinyar da za ka tarar a Shika ko Kaduna 'ya'yan ƙasar nan ne, da yawansu tare kuke sahu a masallaci. In kana da shakka a kan wani magani, su za ka tambaya, ba mai shayi ba.

Kuma wanda yake tsoron kada a ja talaka da magani a raba shi da addininsa, to hanya ɗaya ce ta toshe wannan ƙofa: ya tashi ya yi wa talakan maganin. Ba adalci ba ne ka hana tsohuwa zuwa inda za a buɗe mata ido, kai kuma ba ka buɗe mata ba. Wanda ya hana ka shiga inuwar wani, sai ya dasa maka bishiya.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Kada wani ya zaci wannan aiki baƙo ne a Musulunci. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara. Bai jefa masa dirhami ya wuce ba. Ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya sawwaƙa, sa'an nan ya umurci mai kula da baitulmali ya yanka masa abin da zai riƙe shi, shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jiziya. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, malaman tarihi sun ce ya sanya wa kowane makaho ɗan jagora daga dukiyar hukuma. Ka ga ba a cire jikan kowa daga karatu ba.

Wajen shekara ta 1000, wani likita Musulmi a Masar, Ammar ɗan Ali mutumin Mausil, ya ƙago allura mai rami wadda ake zuƙe yana da ita a fitar, maimakon a tura ta cikin ido. Watau shekara dubu ke nan da likitocin Musulmi suka fara neman hanyar da ta fi ta masu tsinke. Wanda ya nace wa tsinke a yau da sunan gargajiya, makauniyar biyayya yake yi, irin wadda muke yaƙa a sauran al'amuran addini. A 1284 Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a Alƙahira ya yi masa waƙafi, ana duba mai kuɗi da talaka kyauta, da sashen masu ciwon ido. A nan ƙasarmu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya yi rubutu a kan magunguna, har da na ciwon ido. To mu wa muka gada?

SADAKAR DA KE BARIN MUTUM INDA YAKE

A nan ne zuciyar maganar take. Ban ce a daina bai wa mai bara ba. Mai jin yunwa yau, yau zai ci, kuma Alƙur'ani ya hana a kyari mai roƙo. Abin da nake tsoro shi ne wata cuta da ke ɓuya a cikin sadakarmu. Mun mai da makaho kamar wani asusu da aka ajiye mana a bakin masallaci, inda muke jefa canji mu karɓi addu'a. Wani ma ba don makahon yake bayarwa ba, an ce masa ne ya yi sadaka da ƙosai bakwai ko farin goro don buƙatarsa ta biya. Wannan kam ya haɗa camfi da son kai. A irin wannan ciniki, makantar mutumin ba ta dame mu ba, har ma kamar tana yi mana amfani.

Ma'aunin da Annabi (S.A.W.) ya ba mu shi ne mutum ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. To ka rufe idonka na minti biyar, ka ce a kai ka bayan gida. In kai ne a wannan hali, me za ka so, naira ɗari ko idonka? In mahaifinka ne, za ka ba shi kwano ne ko za ka sayar da babur ɗinka ka kai shi Kaduna? Abin da ka zaɓa wa mahaifinka shi ne hakkin mahaifin wani a kanka gwargwadon ikonka.

Malamai irin su Imamu Gazali sun bayyana cewa ilmin likitanci farilla ce ta kifaya: in wasu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Haka ma kawar da cuta daga Musulmin da ba shi da hali. Saboda haka unguwar da ke da tsoho mai yana shekara huɗu a zaune, alhali a cikinta ana sake fentin masallaci duk shekara, ana sayen sabbin lasifika, wasu suna zuwa Umra duk azumi, mutanen wannan unguwa su binciki kansu. Umra ta nafila alheri ce, ba mai musu. Amma kuɗin kujera ɗaya zai buɗe idanu masu yawa, kuma farilla tana gaban nafila. Fakiri da miskini suna cikin kashi takwas na masu cin zakka, kuma magani yana cikin buƙatunsu, don haka ana iya ba su zakka su biya kuɗin aiki.

Sai dai a kiyayi riya. Mun sha ganin a tara marasa lafiya a yi musu aiki, a kafa ƙyalle mai hoton mai bayarwa wanda ya fi ƙofar asibitin girma, a ɗauki hoton tsofaffi da bandeji a watsa a Facebook, bayan sati ɗaya ba wanda ya san inda suke. Idon da aka yi wa aiki yana son a ɗiga masa magani a kan lokaci, a koma a duba shi. Wanda ya yi don Allah shi ne wanda za ka gani ranar komawa asibiti, ranar da babu mai ɗaukar hoto.

WANDA IDONSA BA ZAI DAWO BA

Akwai waɗanda likita zai duba ya ce sai haƙuri. Waɗannan su ne haƙurin ya zama nasu da gaske, amma hakkinsu bai faɗi ba. Saboda makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum (R.A.), Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa. Kuma ka lura, ilmi ya zo nema, ba sadaka ba. Daga baya ya zama ladanin Annabi (S.A.W.), kuma an sha barin Madina a hannunsa idan an fita yaƙi. A zamaninmu, Shehu Abdul'aziz ɗan Baz ya rasa ganinsa yana wajen shekara ashirin, ya zama babban Muftin Saudiyya har rasuwarsa a 1999. A nan ƙasar Zazzau, Malam Aliyu Namangi, mai Waƙoƙin Imfiraji, ya makance tun yana ƙarami, amma ilminsa ya kai har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da an miƙa wa waɗannan kwano tun suna yara an ce su tafi bakin kasuwa, wace irin hasara al'umma za ta yi? Yau akwai Alƙur'ani da rubutun makafi wanda ake karantawa da yatsa, akwai wayoyi masu karanta rubutu da murya. Yaro makaho makaranta ce hakkinsa, babba kuma sana'a da jari.

ABIN DA YA HAU KANMU

Ya kai ɗan'uwa matashi, na san za ka ce ba ka da kuɗi. Kana da ƙafa, kana da baki, kana da ido. A cikin hadisin Abu Zarri (R.A.) da Tirmizi ya ruwaito, an lissafa taimakon mai raunin gani a cikin ayyukan sadaka. Ga abin da kowane masallaci zai iya:

Na ɗaya, samari su bi unguwa gida-gida, da izinin masu gida, su rubuta duk wanda ganinsa ya tafi ko yake tafiya. Kada a manta da tsofaffi mata da ke cikin ɗaki, domin su ba sa zuwa bakin masallaci balle a gan su. A nan sai a nemi taimakon 'yan'uwa mata.

Na biyu, a buɗe asusu na musamman, a sa amintattu biyu ko uku a kansa, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Ko mutum ɗaya aka yi wa aiki a wata, a shekara an sami goma sha biyu.

Na uku, a raka marar lafiya. Da yawa abin da ya hana su zuwa tsoro ne, da rashin kuɗin mota, da rashin wanda ya san ƙofar da za a shiga. Mai babur ko Keke Napep ya ba da safiya ɗaya saboda Allah.

Na huɗu, rigakafi ya fi magani. A kai yara allurar ƙyanda, a karɓi ɗigon bitamin A, a ba su zogale da man ja da gwanda da mangwaro. A wanke fuskar yara da ruwa mai tsabta, a gyara masai, a kashe wa ƙuda kasuwa. Addinin da ya sa mu wanke fuska kafin kowace salla bai kamata 'ya'yansa su makance saboda dauɗar fuska ba. Kada a ɗiga wa ido komai sai abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta. Wanda ya kai shekara 40 ya je a auna idonsa.

Na biyar, ku ɗalibai, musamman na jami'a da na sakandare, wasunku su nufi karatun likitan ido da jinyar ido da niyyar sauke wa al'umma farilla. Wanda ya gyara niyyarsa, zamansa a aji ibada ne.

KAMMALAWA

Dattijon nan na Samaru yanzu shi ke zuwa masallaci da ƙafarsa, ya sami aron keke yana ɗan facin kaya a ƙofar gida, jikansa kuma ya koma aji. Amma shekarun da yaron ya rasa ba wanda zai mayar masa, kuma ina tsoron ranar da za a tambaye mu a kansu. Allah Ya gaya mana cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Mu da aka bar mana idonmu, za a tambaye mu abin da muka gani da shi, da abin da muka yi bayan mun gani.

Juma'a mai zuwa, in ka sa hannu a aljihu, ka ba da sadakarka kamar yadda ka saba. Sa'an nan ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi sunansa da unguwarsu, ka tambaye shi ko likita ya taɓa duba idon nan.

Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin muna raye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba waɗanda Ya jarraba haƙuri da lada, Ya tsare mu daga makantar zuciya, wadda ta fi ta ido muni. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah.